A Auna Ƙarin Kafin A Binne Shi

Maganar da na kawo muku a wannan wata magana ce mai nauyin faɗi, musamman a bakin namiji, kuma malamin makaranta wanda yaran unguwa suke durƙusa masa. Amma na nemi izinin wadda abin ya shafa, ta ba ni, da sharaɗin kada sunanta ya fito. Wanda ya ga na yi rashin kunya a wani wuri, to ya yi mini afuwa.

Akwai wata al'ada tamu da kowa ya sani, daga Aboabo da Asawase a nan Kumasi har Nima da Sabon Zango a Ankara. Idan aka yi wa mace aiki a asibiti aka ciro ƙari daga cikinta, sai nas ta fito da shi a cikin tasa ta nuna wa dangi. Kowa ya leƙa ya yi salati, a ce ashe wannan ne yake wahalar da baiwar Allah. Sa'an nan wani dattijo ya ce a ba mu abinmu, a ƙulle shi a leda a kai maƙabarta a binne, domin ɓangaren jikin ɗan Adam ne, ba ya kamata a bar shi a bola. Niyyar tana da kyau ƙwarai. Sai dai wannan tsokar da muke gaggawar rufewa da ƙasa, ita kaɗai ce ta san sunan ciwon. Hoton sikan bai sani ba, hannun likita bai sani ba, kintace kawai suke yi. Idan aka binne ta ba a auna ba, an binne amsar ke nan.

Ciwon da ya koya mini wannan sunansa limfoma. Kowa ya san kaluluwa, wadda take fitowa a hamata ko matsematsi idan mutum ya ji rauni a hannu ko ƙafa. A cikin kaluluwar nan akwai wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu tsaron jiki ne daga cuta. To idan waɗannan masu gadi suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, shi ne limfoma, watau wani reshe na ciwon daji. Wani likitan Ingila, Thomas Hodgkin, shi ya fara bayyana wani nau'insa a 1832, yanzu kuwa masana sun rarrabe fiye da iri 60, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Galibi a wuya ko hamata ko cikin ƙirji yake farawa. Amma da yake ƙwayoyin nan yawo suke yi ko'ina cikin jiki, yana iya tsirowa a hanji, ko ƙashi, ko fata, kuma jefi-jefi a gidan ƙwan mace, ko bakin mahaifa, ko mahaifar kanta, ko farji. Na ce jefi-jefi, domin a cikin mata 100 masu ciwon daji a bakin mahaifa, ko guda ɗaya cikakkiya ba za a samu mai limfoma ba. Likitan mata yana iya ganin faiburod ɗari bisa ɗari, ya tsufa a kan aikinsa bai taɓa haɗuwa da wannan ba. Saboda haka idan ya ɓace masa, ba lalle ne jahilci ko sakaci ba. Wanda ya ji kukan jaki a bayan gida ba zai yi zaton alfadari ba ne.

Ƙanwata tana da shekara 32 a 2019, da ɗa guda, tana sayar da atamfa a kasuwa. Jini ya fara zuwar mata ba lokacin al'ada ba, ga nauyi a mara, ga yawan fitsari. Babu zazzaɓi, babu gumin dare, ba ta rame ba, kuma babu kaluluwa ko ɗaya a jikinta. Daga baya na karanta cewa haka wannan ciwo ya saba zuwa idan a can ya fara: alamun da ake koya wa likitoci su nema a limfoma sau da yawa ba sa bayyana. Ta yi wata uku tana ɓoye wa kowa sai Mma, mahaifiyarmu, ita kuma tana dafa mata sassaƙe. Abin da ya fito da maganar fili shi ne salla, domin ta rasa gane ranar da take da tsarki da ranar da ba ta da shi.

A wani ƙaramin asibiti aka yi mata sikan, aka ce ƙari ne a ƙasan mahaifa, faiburod. Wannan kalma ba ta tsorata kowa ba, don babu gidan da ba a san ta ba a zango. Aka yi mata gwajin Pap, ya fito fes. Aka ɗan tsinko tsoka daga bakin mahaifa aka aika awo, takarda ta dawo ta ce kumburi ne kawai irin na tsohuwar cuta. Aka ba ta ƙwayoyi na mako biyu. Jini bai tsaya ba. Daga nan sai aka sa ranar aiki, aka ce a cire mahaifar gaba ɗaya kowa ya huta, mijinta ya sa hannu.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana dalilin da gwaje-gwaje biyu suka fito da tsabta alhali kuwa ciwon yana nan. Gwajin Pap, wanda ya samo sunansa daga George Papanicolaou, likita Bagirke da ya yi aiki a Amurka, shafo saman fatar bakin mahaifa ake yi a duba ƙwayoyin da suka manne. Yana da amfani matuƙa, domin sankarar bakin mahaifa da muka saba ji, wadda ƙwayar cutar HPV take haddasawa, daga saman fatar take farawa. Kada wata ta karanta wannan rubutu ta ce ba za ta ƙara zuwa gwajin ba, yana ceton rayuka. Amma limfoma daga ƙarƙashi take tsirowa, a cikin naman, ta bar fatar sama lafiya lau. Kamar gara ce a cikin azara: ka shafa hannu ka ji sumul, ka kankare fenti ka ga itace mai kyau, alhali ciki ya zama gari. Tsinken da aka yi mata na farko bai wuce fentin ba. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin limfoma fararen ƙwayoyin jini ne, kuma su ne dai ake gani a duk inda kumburi yake. Idan tsokar ta yi ƙanƙanta, ko almakashin ya murƙushe ta, mai dubawa zai ga 'yan fararen ƙwayoyi ya rubuta kumburi, kuma bai yi ƙarya ba bisa abin da aka ba shi.

Abin da ya jinkirta aikin ba wayon kowa ba ne. Jininta ne ya yi ƙasa, ƙaramin asibitin ba su da na ƙari, sai suka tura mu babban asibiti. A can wata likita, mace mai ƙarancin magana, ta duba ta ta daɗe, sa'an nan ta kira ni da mijin. Ta ce, "Malam, bakin mahaifar nan ya kumbura ta kowane gefe kamar ganga, yana da tauri, amma fatarsa sumul take ba gyambo. Faiburod ba ya yin haka, sankarar da na saba gani ma ba ta yin haka. Ba zan yanke abin da ban san sunansa ba." Ta ce za a sa ta barci a yanko tsoka mai zurfi, kamar girman kan ɗan yatsa, a jira sakamako.

Jiran nan ya ɗauki mako uku da 'yan kwanaki, kuma shi ne mafi wuya a duk jinyar. Dangin miji suna cewa asibiti na jan rai ne don a ci kuɗi. Wata gwaggo ta ce ga wani likita a wani gari da yake cire mahaifa ranar Talata, Jumma'a mace ta koma gida. Ita kanta mai ciwon ta gaji, wata rana ta ce mini, "Yaya, ku bari su cire kawai, na haƙura da haihuwar." Mma ce ta tsaya. Ba ta yi boko ba, amma ta ce ita ba ta taɓa ganin an yanka tufa kafin a gwada mai ita ba.

Ni kuwa da yake kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, sai na dinga bin ɗakin awo ina tambaya, har wani ma'aikaci ya ji tausayina ya zaunar da ni ya nuna mini. A kwalejin horon malamai ta Bagabaga a Tamale mun leƙa maikuroskof mun ga fatar albasa, iyakar sanina ke nan. Ashe tsokar da aka yanko ana jiƙa ta ne a wani ruwa mai suna fomalin don kada ta ruɓe, sa'an nan a daskarar da ita cikin kaki kamar na kyandir, a yayyanka ta siriri fiye da fatar albasar, a shimfiɗa a kan gilashi a rina. Rinin farko launi biyu ne, shuɗi da ja-ja. Da shi likitan awon tsoka ya ga ƙwayoyi manya-manya, masu kama da juna, sun cika wurin. Ya san ciwon daji ne, amma wanne? Akwai sankarar fata da take rikiɗa ta yi wannan kama, akwai ta nama, akwai limfoma.

Rini na biyu shi ne mai raba gardama, kuma shi ne mai tsada. Bari in kwatanta shi da aikina. Idan na shiga filin makaranta na tarar da yara 300 cikin yunifom iri ɗaya, ba zan gane ɗan aji ɗaya da ɗan aji uku da ido ba. Sai in ɗauko rajista in kira suna, wanda ya amsa na san ajinsa. Kowace ƙwayar jiki tana da wasu alamu a fatarta, kuma an haɗa magunguna da kowanne yake manne wa alama ɗaya tak ya ba da launin ƙasa-ƙasa. Aka kira sitokeratin, alamar ƙwayoyin fata, ba wanda ya amsa, watau ba sankarar da aka saba ba ce. Aka kira CD45, alamar fararen ƙwayoyin jini, duka suka amsa. Aka kira CD3, shiru, sai 'yan tsiraru. Aka kira CD20, gilashin gaba ɗaya ya rine. Da haka aka san limfoma ce ta manyan ƙwayoyin B, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da DLBCL, kuma ita ce aka fi samu idan limfoma ta fito a wannan sashe na jikin mace.

Wannan rajista tana aiki ta ɗaya gefen ma. Akwai wani kumburi na bakin mahaifa da yake kama da limfoma sak a rinin farko, alhali ba ciwon daji ba ne, yana warkewa. Wasu likitocin Boston sun bayyana shi a 1985. Macen da aka yi wa gaggawa a nan za ta sha maganin daji wata da watanni a banza.

Ranar da aka faɗa mana sakamako, dangi suka ji kalmar daji suka fashe da kuka, likitar kuwa fuskarta a sake. Ta ce a cikin munanan labarai wannan yana da dama-dama, domin limfoma ciwo ne da ake narkar da shi da magani, ba da wuƙa ba. Cire mahaifa ba ya warkar da shi, tun da ƙwayoyinsa masu yawo ne, kuma da an yi aikin, da sai an jira rauni ya warke kafin a fara maganin gaskiya, ciwon kuma ba ya jira. Ta miƙa mu ga likitocin jini. Su kuma suka sake sabon bincike don su san iyakar inda ya kai: hoton siti na wuya da ƙirji da ciki, da ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugu, da awon zuciya. Suka gwada ƙanjamau, domin mai ɗauke da ita ya fi saurin kamuwa da limfoma. Suka gwada ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasar nan, domin ɗaya daga cikin magungunan yana iya tayar da shi daga barci ya kashe mutum. Na faɗi waɗannan biyu ne saboda na ga yadda fuskar mijin ta canza da aka ambaci gwajin farko. Ba zargi ba ne, kowa ake yi wa.

Maganin ana kiransa R-CHOP, haɗin magunguna biyar, ana ƙara mafi yawansu ta jijiya sau ɗaya duk kwana 21, har sau shida. Harafin farko rituximab ne, wanda aka amince da shi a Amurka a 1997, kuma aikinsa shi ne ya nemi alamar CD20 ɗin nan ya manne mata. Kun ga ke nan rinin ba suna kaɗai ya bayar ba, har maganin ya nuna. Fiye da rabin masu wannan nau'i suna warkewa sarai, waɗanda aka kama nasu bai bazu ba kuma sun fi haka. Jini ya tsaya mata bayan zagaye na farko. Gashinta ya zube, ta yi amai, ta yi baƙi, an kwantar da ita sau ɗaya da zazzaɓi. Kuɗin kuwa ya cinye jarinta da adashin matata da wani fili na Mma. Al'adarta ta ɗauke, ta dawo bayan wata bakwai. Mahaifarta tana jikinta, kuma ta wuce shekara biyar ana duba ta ba a ga kome ba.

Kalmar limfoma ba baƙuwa ba ce a kunnena ko kafin wannan, sai dai ban taɓa haɗa ta da babbar mace ba. A 2009 akwai wata yarinya a makarantar da nake, shekararta 11, mai ƙoƙarin lissafi. Cikin mako uku cikinta ya fito kamar na mai wata shida. Ba sai na faɗa muku abin da unguwa ta ce ba. Aka cire ta daga makaranta, aka tsare ta a ɗaki ana tambayarta wane ne, aka doke ta, aka kai ta ƙauye wurin kaka don a ɓoye abin kunya. Yarinyar ko al'ada ba ta fara ba. Sai da numfashi ya fara gagararta aka kawo ta asibiti, aka tsotso ƙwayoyin ƙarin da allura, aka ga limfomar Burkitt ce ta kama gidan ƙwanta duka biyu. Ta rasu kwana tara bayan haka. Waɗanda suka yi ta yamaɗiɗi da ita sun zo zaman makoki sun ci shinkafa.

Wannan ciwo namu ne na Afirka, ya kamata kowane malami da kowace uwa su san shi. Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan da yake aiki a Kampala ta Yuganda, shi ya bayyana shi a 1958, bayan ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi. Ya lura cewa ciwon yana bin wuraren zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga tsokar da aka aika Landan ne Epstein da Barr da Achong suka gano wata ƙwayar cuta a 1964, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A nan Gana ma asibitin Korle Bu ya yi shekaru yana da sashe na musamman na binciken wannan ciwo, inda Farfesa Francis Nkrumah, likitan yara kuma ɗan shugabanmu na farko, ya yi aiki mai yawa. Mutane sun san shi da kumburin fuska, amma yana fitowa a ciki, kuma a jikin 'ya'ya mata gidan ƙwai yana cikin wuraren da ya fi so. Babu ciwon daji mai saurinsa, yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saurin nan kuma shi ne rauninsa, domin magani yana narkar da shi cikin kwanaki idan an zo da wuri. A ƙarshen 2021 gwamnati ta sanar da sa shi cikin cututtukan daji huɗu na yara da inshorar lafiya ta ƙasa za ta ɗauki nauyinsu, kuma akwai sashen yara masu ciwon daji a Korle Bu da Komfo Anokye. Cikin da ya girma a mako uku ba juna biyu ba ne, ko wace ungozoma za ta shaida.

Akwai wani abu da likitan jini ya tambayi ƙanwata tun ranar farko, wanda ya ba ni mamaki: ko tana shan ƙwayar ƙiba? Yana nufin deksametazon da 'yan uwansa, waɗanda mata suke saye a kemis ko a hannun masu talla don su yi jiki, wasu kuma ana haɗa musu cikin maganin gargajiya ba su sani ba. Irin wannan ƙwaya tana kashe fararen ƙwayoyin jini, har ma ɗaya daga cikin magunguna biyar ɗin can danginta ne. Idan mai limfoma ta sha ta, ƙarin zai lafa na ɗan lokaci, ta ce ta samu sauƙi, kuma idan aka yanko tsoka a wannan tsakani, mai awo zai tarar da gawarwakin ƙwayoyi da ba sa amsa rajista. Sai a ce ba a ga kome ba, bayan wata biyu ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Duk wadda take sha ta faɗa wa likita gaskiya kafin awo, ba zai kai ta ƙara wurin kowa ba.

Game da binnewa kuwa, na tambayi limamin masallacinmu, ya ce shi bai ga laifi ba a ba likita abin da yake bukata don neman magani, abin da ya saura a binne daga baya. Abin da nake roƙo shi ne, duk abin da aka ciro daga cikin mace, ko likita ya rantse faiburod ne, a tambaya tun kafin a shiga ɗakin aiki ko za a aika shi awo, kuma a ware kuɗin awon tare da kuɗin aikin. Idan asibitin ba su da ɗakin awo suka ce dangi su kai da kansu, to a tabbata an sa shi cikin fomalin nan take, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma, a roba mai murfi. Ba a sa shi cikin ruwan gishiri, ba a sa shi a firiza, ba a kwana da shi a leda. Sa'an nan a koma a karɓi takardar, domin ma'aikacin nan ya nuna mini tarin sakamako da masu su ba su taɓa dawowa nema ba. A saman takardar akwai lamba. Da wannan lamba ake nemo ɗan kakin da tsokar take ciki, wanda ɗakin awo yake ajiyewa shekaru, kuma idan sakamako bai yi daidai da abin da jikin mace yake nunawa ba, ana iya karɓarsa a kai wani wuri a sake rinawa ba tare da an sake yanka ta ba.